Cimarmu da Lafiyar Haƙoran 'Ya'yanmu

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Da farko muna miƙa godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ga dacewar ba mu damar tsayawa a gabanku, ya kuma bar mana zaɓin abin da za mu yi magana a kai. Mun san da yawa daga cikinku sun zaci za mu ɗauko maganar azuzuwan da iska ta yaye wa rufi ko ƙarancin malamai, tunda a wannan fage muka ƙarar da ƙuruciyarmu. Waɗannan matsaloli suna nan, akwai kuma waɗanda za su taɓo su. Mu dai yau haƙori muka zaɓa. Ba likitanci muka karanta ba, alli muka riƙe har shekara 35. Amma wanda ya yi shekaru yana sa yara su buɗe baki kowace safiya a filin taron makaranta, ba ya rasa abin faɗa game da abin da idonsa ya gani.

Abin da ya jawo wannan magana

A wata Sallah da ta wuce, an kawo mana jikoki daga birni. Cikinsu akwai yarinya 'yar shekara 5. Dare ya raba tana kuka, hannunta dafe da kunci, ta hana gidan barci. Da gari ya waye muka lallashe ta ta buɗe baki, sai muka tarar haƙoranta na gaba guda huɗu sun yi baƙi sun gutsuttsure, biyu daga cikin turamen tauna kuma sun yi rami. A tsakar gidan nan kuwa gwaggonmu na zaune a kan tabarma, ta haura shekara 80, tana ta gurzar busasshiyar aya da haƙoranta na asali. Yarinyar nan ba ta taɓa kwana da yunwa ba, ubanta ma'aikaci ne mai rufin asiri, buroshi da man goge baki ba su yanke a gidansu ba. Gwaggo kuwa asuwaki kaɗai ta sani. Tun ranar muke tambayar kanmu: me ke shiga bakin jikar nan wanda bai shiga bakin tsohuwa ba lokacin da take kamarta?

A kwalejin horon malamai, a shekarun da suka biyo bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976, an koya mana duba tsaftar ɗalibai kafin a shiga aji: farce, kai, tufafi da haƙora. Da muka fara aiki, abin da muka fi cin karo da shi su ne makero da ƙwarƙwata da ƙazuwa. Ruɓaɓɓen haƙori sai jefi-jefi. Kafin mu ajiye aiki kuwa, tebura sun jeru a ƙofar makaranta shaƙe da alewa da cingam da biskit da lemon roba, kuma da wuya mako ya ƙare ba a kawo mana yaro ofis da kumburarren kunci ba. Ba za mu manta da wani haziƙin ɗalibi ba, wanda ciwon haƙori ya kwantar da shi a makon jarrabawar shiga sakandare, dole ya maimaita aji shida.

Babu tsutsa a cikin haƙori

Mun taso muna jin cewa tsutsa ce ke cin haƙori, har akwai masu yawo kasuwa-kasuwa suna yi wa mutane turare suna nuna musu wai ga tsutsar ta faɗo. Ba mu kaɗai muka yi wannan zato ba, al'ummu da yawa na duniya sun daɗe a kansa. Amma tun a 1728 wani likitan haƙori Bafaranshe mai suna Pierre Fauchard ya ƙaryata maganar tsutsa, ya ɗora laifin a kan kayan zaƙi. A 1890 kuma wani Ba'amurke da ke aiki a Jamus, Willoughby Miller, ya bayyana yadda ɓarnar ke aukuwa.

Ga yadda take. Kowane haƙori yana da farin ɓawo a samansa, wanda ya fi kowane sashe na jikin ɗan Adam tauri, har ƙashi. A cikin bakin kowa kuma akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, suna zaune cikin dauɗar nan mai yauƙi da ke manne wa haƙori. Da zarar sukari ya shiga baki, su ma sun sami abinci. Cikin 'yan mintoci sai su mayar da shi wani ruwa mai tsami wanda ke narkar da ɓawon haƙori kaɗan-kaɗan. Daga nan yawu ya shiga aikinsa: ya wanke bakin, ya kashe kaifin tsamin, ya mayar wa ɓawon sinadaran da ya rasa. Sai dai wannan gyara yana ɗaukar kamar rabin sa'a zuwa sa'a guda. In an bar yawu ya gama aikinsa, haƙori ya farfaɗo. In kuwa aka sake jefa wata alewar kafin ya gama, ɓarna ta hau kan ɓarna, har wata rana ɓawon ya huje. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga nan rami ya yi ta zurfi har ya taɓo jijiya, a lokacin ne mutum ke kasa barci.

To, ga jigon maganarmu, muna roƙon a riƙe shi ko da an manta da sauran. Yawan sukarin da aka sha yana da illa, amma yawan lokutan da ake sa shi a baki cikin yini ɗaya shi ne ya fi cinye haƙori. Yaron da aka ba alewa biyar ya cinye su nan take bayan abincin rana, sau ɗaya haƙoransa suka sha wuya. Wanda ya zuba su a aljihu yana tsotsa ɗaya bayan ɗaya daga hantsi zuwa la'asar, sau biyar nasa suka sha.

An tabbatar da haka a ƙasar Suwidin, a wani asibitin masu taɓin hankali da ke Vipeholm, tsakanin 1945 da 1953. An riƙa ba wasu majinyata sukari tare da abinci, wasu kuma aka riƙa ba su alewa mai danƙo tsakanin abinci da abinci. Na farkon ba su sami ƙarin ruɓewa sosai ba, na biyun kuwa haƙoransu suka lalace ƙwarai. A yau kowa ya yarda cewa zalunci ne aka yi wa waɗannan bayin Allah, domin ba a nemi yardarsu ba. Amma daga darasin ne mutanen ƙasar suka ɗauki al'adar ware ranar Asabar kaɗai a matsayin ranar da ake ba yara alewa. Haka kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da sukari ya yi ƙaranci a ƙasashe irin su Japan da Norwe, an ga ruɓewar haƙoran yara ta ragu, da wadata ta dawo sai ta sake hauhawa.

Zaƙi ya tashi daga baƙo ya zama ɗan gida

Mu waiwayi yadda muka taso a gida. Da safe koko ko ɗumamen tuwo, da rana fura da nono ko dambu ko ɗanwake, da dare tuwo da miyar kuka ko ta kuɓewa. Tsakanin waɗannan sai ruwan randa. In kwaɗayi ya taso, gyaɗa ce ko gurjiya ko ƙuli-ƙuli ko goruba, abubuwan da sai an tauna da ƙarfi, tauna kuwa tana kawo yawu. Muna da kayan zaƙinmu, babu musu: alkaki, nakiya, dubulan, mazarƙwaila, rake da zuma. Amma alkaki da nakiya sai an yi biki an kawo gara, rake kuma yana da lokacinsa a shekara. Zaƙi baƙo ne, yakan zo ya tafi.

Yanzu mu ƙirga yinin yaronmu na birni. Ƙarfe 7 shayi mai sukari da burodi. A mota kan hanyar makaranta biskit. Lokacin tara lemon kwali da alewa. An tashi, ga mai askirim a bakin ƙofa. Da yamma za a tafi wani karatun, a ba shi kuɗin cingam da minti. Baba ya dawo daga aiki da cakulan a aljihu. Da dare a sha lemon kwalba ko madara mai sukari a gaban talabijin, barci ya kwashe shi a kan kujera, a ɗauke shi a kai gado ba tare da an wanke baki ba. Sau bakwai ke nan. Na ƙarshen ya fi duka muni, domin in mutum ya yi barci yawu yana raguwa ƙwarai, mai gadin ya tafi, ɓarayi su kwana suna aiki. Wannan ne abin da ya sami jikarmu. Da muka bincika, ashe tun tana jaririya ake sa mata bulumboti da shayi mai sukari a baki don ta yi barci.

Muna yin haka ne da sunan ƙauna, muna ganin abin da ba mu samu ba bari 'ya'yanmu su samu. Amma zuma da zaƙi take da harbi.

Nawa ne ya isa?

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha, haɗe da zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse, kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a yini, in ma an yi ƙasa da kashi 5 ya fi. Ga babban mutum, kashi 10 ɗin nan kimanin giram 50 ne, wato ƙaramin cokalin shayi 12, kashi 5 kuma cokali 6. Na yaro bai kai haka ba. Da yawa daga cikin lemunan kwalba kuwa suna ɗauke da kusan giram 10 na sukari a kowane mililita 100. Ke nan robar lemo guda mai rabin lita ta cinye kason babban mutum na yini ɗungurungum, kafin a zo maganar shayin safe. Lemon kwalba kuma yana da nasa tsamin da ke zaizaye haƙori ko da babu sukari a ciki. Haka zoɓo da kunun tsamiya da lemon tsami, in ana kurɓarsu a kai a kai yini guda.

Matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai. Rahoton da Hukumar ta fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa mutane kusan biliyan 3.5 a duniya suna fama da cututtukan baki da haƙori, daga ciki akwai yara fiye da miliyan 500 masu ruɓaɓɓun haƙoran yarinta. A nan Nijeriya, dokar kuɗi ta 2021 ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta abin sha mai sukari. Sai dai gwamnati ba za ta shigo ɗakin girkinmu ta riƙe mana cokali ba.

Mu manya ma kada mu tsame kanmu. Akwai mai zuwa teburin mai shayi ya ce a zuba masa sukari har sai cokali ya tsaya. Akwai matasanmu da ke kwana a majalisa suna kurɓar shayin ataya zagaye bayan zagaye. Akwai mai yini da minti a baki don gudun wari, alhali mintin ne ke ƙara ciyar da abin da ke kawo warin. Goro yana rina haƙori, taba kuwa, ta sha ce ko ta gari da ake cusawa a leɓe, tana lalata dasashi, tana kuma jawo ciwon daji na baki. Masu ciwon sukari su ƙara kula, domin ciwon yana tsananta cutar dasashi, cutar dasashi ita ma tana wahalar da daidaita sukarin jini.

Abin da ke can gida

Kada a ce mun mayar da ƙauye aljanna. Tsofaffinmu da yawa sun zubar da haƙora saboda ciwon dasashi, dauɗa ta taru ta daskare a gindin haƙori har ya fara girgiɗi. Sannan in ɗan birni yawan zaƙi ne ke cutar da shi, ɗan ƙauye sau da yawa rashin abinci mai gina jiki ne. Mafi munin abin da wannan ke haifarwa ita ce cutar noma, wadda wasu ke kira zaizayar baki. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda yunwa ta raunana, musamman bayan sun yi ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Takan fara da kumburi da gyambo a dasashi, cikin 'yan kwanaki ta ci kunci da leɓe, kuma yawancin yaran da ba a kai asibiti ba ba sa rayuwa. Alhali in an gano ta da wuri, magani da abinci mai kyau da tsaftar baki suna tsayar da ita. Akwai asibiti na musamman domin wannan cuta a Sakkwato tun 1999, a Disamban 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, bayan da Nijeriya ta jagoranci neman hakan. Duk wanda ya ga yaro da dasashi mai jini da wari da kumburin fuska, ya garzaya da shi asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Abincin da ke gina haƙori kuwa yana nan a ƙofar gidanmu, ba sai an je kanti ba. Nono da kindirmo da riɗi da ganyen kuka da zogale da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu suna ba da kalsiyam, sinadarin da ake gina haƙori da ƙashi da shi. Gwaiba da lemon zaƙi da garin ɗan kuka da tumatir suna ba da bitamin C, wanda rashinsa ke sa dasashi zubar da jini. Mace mai ciki ta fi kowa buƙatar waɗannan, domin haƙoran jariri tun yana ciki suke fara ginuwa.

Wani kuskure da iyaye ke yi

Sau da yawa mukan ji uwa ta ce, "Ai haƙoran yarinta ne, zai yi famfara wasu su fito." Gaskiya ne haƙoran yarinta 20 ne, za su zube, na girma 32 su maye gurbinsu. Amma na yarintar su ne ke riƙe wa na girman wuri, in an cire su kafin lokaci sai na bayan su fito a karkace. Abu na biyu, wajen shekara 6 akwai turame huɗu na girma da ke fitowa can ƙuryar baki, bayan na yarinta, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Iyaye da yawa suna ɗaukarsu na yarinta ne, su bar su su ruɓe, alhali su ne yaro zai yi tauna da su har tsufansa. In sun tafi babu wasu a madadinsu.

Abin da muke roƙo

Ga iyaye, muna ba da shawara a mayar da zaƙi matsayinsa na baƙo. In za a ba yaro alewa ko lemo, a ba shi tare da abinci, ya gama a wuce wurin. Tsakanin abinci da abinci a ba shi ruwa, in yana jin yunwa a ba shi gyaɗa ko dafaffen ƙwai ko ɗan itace ya ci da baki maimakon a matse masa. Kada a kwantar da jariri da bulumboti mai zaƙi. A wanke baki sau biyu a yini, minti 2 kowane lokaci, da man goge baki mai sinadarin fuloraid, wanda ke ƙara wa ɓawon haƙori ƙwari. Na dare shi ne mafi muhimmanci, bayansa kuma kada a ci komai. Yaron da bai kai shekara 3 ba, man da za a sa masa kada ya wuce ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake, kuma babba ya tsaya a kansa. A tofar da kumfar, ba sai an kurkure da ruwa ba, don maganin ya zauna. In an sha abu mai tsami a dakata kamar rabin sa'a kafin a goge. Asuwaki gadonmu ne mai amfani, a ci gaba da shi, a haɗa shi da man. Amma a daina gurza haƙori da gawayi ko toka, a daina buɗe kwalba da haƙori, a daina cusa ƙwayar magani ko ruwan batir a cikin rami. A je wa likitan haƙori tun ciwo bai kai ga cirewa ba, domin cike ƙaramin rami ya fi sa haƙorin roba sauƙi da araha.

Ga ƙungiya kuma muna da buƙatu uku. Na ɗaya, cikin 'ya'yan garin nan da abokan arzikinsu ba a rasa ma'aikatan lafiyar haƙori. A ware rana guda a shekara su zo su duba bakin ɗaliban firamarenmu, in an ga dama a daidaita ta da 20 ga Maris, ranar lafiyar baki ta duniya. Na biyu, a zauna da shugabannin makarantu da ƙungiyar iyaye da malamai a kan abin da ake sayarwa a ƙofar makaranta. Masu tallan nan matanmu ne da 'ya'yanmu, ba korarsu za a yi ba, a taimaka musu da ɗan jari su koma sayar da gyaɗa da awara da ƙosai da 'ya'yan itace. Na uku, mu da ke zuwa gida daga birni mu sake duba tsarabarmu. Kwalin alewar da muke rabawa yaran unguwa, da kuɗinsa za a sayi littafi da fensir da buroshi. Kada mu kwaso ciwon birni mu kai wa waɗanda tafiya mai nisa ke tsakaninsu da likitan haƙori.

Muna kuma ganin kwalaben lemo jere a kan teburan da ke gabanmu. Ba mu ce kada a sha ba, yau ranar taro ce, baƙon ya zo a kan lokacinsa. A dai sha tare da abinci, a bi da ruwa.

Jikar nan tamu an kai ta asibiti, an cike biyu, an cire biyu. Uwarta ta daina shayin dare, alewa kuma sai ranar Juma'a bayan abincin rana. Yanzu turamenta na girma sun fito farare tas, muna fatan za ta gurji aya da su a shekara 80 kamar yadda gwaggo ta yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

 In mun yi kuskure a gafarce mu, in akwai likita a cikin taro ya gyara mana. Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya, ya ɗaukaka wannan ƙungiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Wassalamu alaikum.